Babur Mai Harbi a Bakin Yashin Giza

Kafin in je Alƙahira karatu, a garejin yayana na tashi a Funtuwa. Babura yake gyarawa. Tun ina ƙarami idan an tashi daga makaranta can nake zarcewa, in wanke kafireta, in kankare fulogi, har ta kai in na ji ƙarar inji daga nesa ina iya faɗin abin da ke damunsa. Da na samu gurbin karatu a Masar, innarmu ta ce to madalla, ta huta da wankin riguna masu baƙin mai. Ni ma na ɗauka na rabu da sana'ar ke nan. Na zauna a unguwar Hayyus Sabi tare da 'yan'uwa ɗalibai, tsakanin littattafan fiƙihu da nahawu, ban sake riƙe sifana ba sai in famfon banɗaki ya yi yoyo.

Wanda ya mayar da ni wani dattijo ne da muke kira Kawu. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Haɗeja za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin kogi a can Sudan, zangon ya zama gida. Shi kuma neman abinci ya kawo shi Masar da matarsa da 'ya'yansa. Yakan zo wurinmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci idan mun tuƙa tuwo, ya zauna ya ci yana ba mu labari da Hausarsa irin ta mutanen da, wadda Larabcin Sudan ya ratsa ta ko'ina. Aikinsa a Giza yake, a bakin yashi bayan dalar Fir'auna. Akwai masu ba da hayar babur mai ƙafa huɗu a wurin, irin wanda ake hawa a rairayi, Misirawa suna ce masa bic bagi. Kawu ne ke shiga gaba a kan nasa, masu yawon buɗe ido suna biye da shi, ya kai su kan tudu su ɗauki hoto, ya dawo da su.

A shekarar 2013 ne, lokacin da gari ba kwanciyar hankali, baƙi sun ɗauke ƙafa, fetur kuma sai an wuni a layi. Wata Juma'a Kawu ya zo, aka zuba tuwo, ya ɗan tsakura ya janye hannunsa.

Na ce, "Kawu, lafiya? Ko miyar ce ba ta yi ba?"

Ya ce, "Miya tamam. Babur ɗina ne zai kashe ni, ya zol, bawan Allah. Harbi yake yi kamar bindiga."

Ya ce da zarar ya saki totur sai ya ji tau! daga baya, wani lokaci har da wuta. Ga shi ƙarfinsa ya ragu, in an zo hawan tudu sai ya mutu, ya bar shi da baƙi a tsakiyar rana yana fama. Abin da ya fi tayar masa da hankali, a makon nan ya fito da shi bakin titi, kusa da inda sojoji suka ajiye motarsu, babur ya saki harbin nan. Kafin ya ankara an saita masa bindiga, an kwantar da shi rub da ciki a kan kwalta. Da ƙyar masu shagunan wurin suka cece shi. Maigidansa kuma ya ce shi ne bai iya tuƙi ba ya lalata masa dukiya, in bai san yadda zai yi ba ya nemi wani aikin. An kira wani bakanike, ya canza fulogi ya yi tafiyarsa, harbi yana nan yadda yake.

Ɗaya daga cikin abokan zamana ya nuna ni da baki. "Ga bakanike nan kusa da kai, Kawu. Kada ka ga littattafan nan, a gareji ya girma."

Kawu ya juyo ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. "Malam, da gaske?"

Na ce na ɗan taɓa a gida, amma ban taɓa buɗe mai ƙafa huɗu ba. Ya ce ba ƙafar ce ke harbi ba, injin ne. Mutum ne sa'an mahaifina, ya zauna a gabana ya kasa cin abinci. Ban iya ce masa a'a ba.

Ranar da ba ni da darasi na bi shi. Muka hau ƙaramar bas, muka sauka muka shiga mitro, jirgin ƙasan cikin gari, muka fito muka sake hawa wata bas ɗin har ƙarshen hanya. Daga titi muka shiga lunguna, kuma tun kafin in ga komai wari ya tarbe ni. Unguwar ta masu dawaki da raƙuma ce, waɗanda su ma da baƙi suke cin abinci. Tun da baƙin suka daina zuwa, abin ba dabbobin ya gagara. Ni na tashi kusa da dabbobi, na san warin kashin doki, wannan daban ne. A gefen wata kwata an yar da mushen doki, cikinsa ya kumbura, karnuka sun fara ci ta baya. Mutane suna wucewa abinsu, ga mai shayi nan ba nisa yana ɗauraye kofuna. Dawakin da ke da sauran rai suna ɗaure a jikin bango, haƙarƙari a waje, gadon bayansu duk gyambo inda sirdi ya ci, ƙudaje sun rufe shi baƙi ƙirin. Na toshe hanci da hannun riga.

Kawu ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, za ka saba."

Ban saba ba.

Garejin wani fili ne da aka kewaye da bulo, baburan suna jere a ƙarƙashin rumfar kwano. Maigidan yana zaune a kujerar roba, ƙato, da jallabiya mai maiƙo a ƙirji, yana zuƙar shisha. Ga faranti a gabansa ya cinye kifi ya bar ƙaya, ƙudajen da suka taso daga bayan dawaki suna sauka a kai. Kowa Mu'allim yake ce masa. Na yi sallama. Bai amsa ba, sai ya kalli Kawu ya ce da Larabci, "Wannan ne injiniyan? Samara?"

Sunan da suke kiran baƙar fata ke nan idan suna son su yi raini cikin fara'a. Kawu ya ce ɗalibi ne, mai karatun addini, kuma ya san inji. Mu'allim ya yi dariya har ta zame masa tari, ya kakaro majina ya tofar kusa da takalmina.

"To ya shehi, yi masa ruƙiya mu gani."

Na naɗe hannun riga. Na ce Kawu ya tayar da babur ɗin. Da ƙyar ya tashi, sai da aka ja cok. Na murɗa totur na saki. Tau! Duk da na san yana zuwa sai da na zabura. Dawakin da ke bayan bango suka hau haniniya da shure-shure. Na sake yi, na kasa kunne. Daga salansa harbin yake fitowa, kuma sai an saki totur. Yayana ya koya mini cewa irin wannan yawanci yunwa ce ke damun inji: iska ta yi masa yawa, mai ya yi kaɗan, wuta ba ta kama shi sosai a ciki, sai ragowar ya gangara cikin salansa mai zafi ya tashi a can. Na kwance fulogin, sabo ne amma bakinsa ya yi fari fat kamar toka. Zargina ya tabbata.

Na ɗaga kujerar babur ɗin na buɗe akwatin iska. Da na san abin da ke ciki da na ja numfashi tukuna. Soson da ke tace iska babu shi, wani ya cusa tsohuwar safa a madadinsa. Ɓeraye kuma sun yi gida a kusurwar akwatin da tsummoki da ciyawa. Wani babba ya mutu a ciki, zafin inji ya dafa shi, ya narke ya manne da roba, tsutsa tana motsi a ƙarƙashinsa. Warin ya dake ni a fuska kamar mari. Na koma gefe na dafa bango ina kakari.

Mu'allim daga inda yake zaune ya ɗaga murya. "Me ka samo, ya shehi? Aljanin ne?"

Kawu ya kawo leda da wani guntun ƙarfe, muka kankare tare, kowa ya kawar da kai. Ɓeran ba shi ne ciwon ba, amma ta nan yashi da ƙazanta suke wucewa kai tsaye cikin kafireta.

Daga nan na koma kan mai. Na cire tiyon da ke saukowa daga tanki, ya ƙi zubowa sai ɗigo. A gida in haka ta faru baki muke sawa mu zuƙo, saboda haka na sa baki ban yi wani tunani ba. Abin da ya cika mini baki ba fetur ba ne kawai. Wani ruwa ne mai yauƙi, da gurɓin tsatsa, da wani ɗanɗano da har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Na furzar, na kuskure baki, na sake kuskurewa, ya ƙi barin harshena. Kawu ya ce ai a jarka suke sayen man a bayan fage, masu sayarwa kuma duk abin da suka samu ƙara masa suke yi, da kananzir, da ruwa, da abin da Allah kaɗai ya sani. Muka juye tankin a bokiti. Mai ya taso sama, wani ruwa launin ƙasa ya kwanta a ƙasa, da kore-kore kamar gansakuka yana yawo a tsakani. Na ɗauka zan kai waje in zubar, Mu'allim ya daka mini tsawa, ya ce a tace a zuba wa babur na kusa. A gabana aka tace shi da tsumma aka zuba.

Kafireta kuwa da na buɗe kwanonta laka na tarar. Ƙaramin jet, wanda ke ba inji mai lokacin da aka saki totur, ya toshe ɗam. Na zaro sili ɗaya daga tsohuwar wayar birki na yi ta sakace shi har na hango haske ta cikinsa. Robar da ke haɗa kafireta da inji ta tsage, an naɗe ta da leda da zare, iska tana shiga ta nan yadda ta ga dama. Inda salansa ta kama inji ma gaskit ɗin ya ƙone, bakin wurin ya yi baƙi da hayaƙi. Duk abin da zai iya lalacewa a jikin babur ɗin nan an zuba masa ido ya lalace, sannan aka ɗora wa Kawu laifi.

Na gaya wa Mu'allim kayan da ake buƙata. Ya ce in sake naɗewa da leda mana, ai ta yi aiki a baya. Na ce in haka ne ni zan tafi, ya nemi mai leda. Ya zagi zamani, ya zagi masu zanga-zangar da suka kore masa baƙi, ya zagi kamfanin da ya ƙera babur ɗin, sannan ya yarda a sayo.

A bas ɗin komawa wata mata da ke kusa da ni ta ja gyalenta ta rufe hanci, ban ga laifinta ba. Da na isa ɗaki na yi wanka na sake yi, na jiƙa kayana a bokiti. An dafa kaza a ranar, na kalle ta na tashi.

Ni da Kawu muka je kasuwar kayan gyara da ke kusa da unguwar Ataba, muka yi ta shiga shaguna da tsohuwar robar a hannu har muka dace da irinta, muka haɗa da gaskit da soson iska. Ranar da na koma na wanke tankin tas, na haɗa komai, na ɗaure salansa da kyau. Tun da na riga na ɓata hannu, na buɗe murfin sama na duba bawul, na tarar ɗaya ya matse, na ba shi ɗan sarari. Na dage sai an kawo mai na gidan mai, Kawu ya samo ɗan kaɗan wurin wani direban tasi. Da injin ya tashi ya yi zafi, na tsuguna ina juya ɗan sukurun da ke daidaita mai da iska, ina saurare, har muryarsa ta zauna daram. Na murɗa totur sosai na saki. Ba harbi, sai gurnani mai laushi yana sauka a hankali. Na sake, na sake. Shiru.

Kawu ya rungume ni da baƙin man da komai. "Allah ya yi maka albarka, ya waladi, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce sai na hau na ji aikina. Muka fita yashi, shi a gaba a kan wani, ni a kan wanda na gyara. A duk zirga-zirgar da na yi a wurin nan, wannan ne kaɗai lokacin da na ji daɗi. Babur ɗin ya haye tudu ba gargada. A can sama iska mai tsabta ce, ba ƙuda ko ɗaya, ga dala a tsaye a gabanmu, ga birnin a shimfiɗe a baya har inda ido ya tsaya. Muka kashe injuna muka zauna jim.

Da muka dawo Mu'allim ya taso da kansa, ya hau, ya murɗa ya saki, ya sake murɗawa ya saki. Ya taɓe baki.

"Ka mayar mini da shi keken ɗinki," ya ce.

Na ɗauka irin barkwancinsa ne marar daɗi, na wanke hannu na kama hanya.

Bayan 'yan makonni Kawu ya kira ni a waya. Muryarsa ba ƙarfi. "Malam, harbin ya dawo. Mu'allim ya ce ka zo."

Na ji nauyi ƙwarai, don na ɗauka aikina ne bai yi kyau ba. Duk hanya ina ta lissafin inda na yi sakaci. Lungun yana nan yadda na bar shi, sai dai mushen nan ya koma ƙashi da fata, an kuma yar da wani sabo kusa da shi.

Kallo ɗaya na yi wa babur ɗin na gane. Notocin da suka riƙe salansa an sassauta su, ga sabon sawun sifana a jikinsu. Ɗan sukurun da na ɓata lokaci ina daidaitawa an murɗe shi ba kan gado.

Na ce, "Kawu, wa ya taɓa nan?"

Ya sunkuyar da kai. Daga bayana Mu'allim ya amsa. "Ni ne. Babur ɗina ne ko naka?"

Ranar da fara'arsa ya tarbe ni. Ya sa aka jawo mini kujera, aka kawo shayi, bai ce samara ba, sai babban injiniya yake ce mini. Na karɓi shayin na sha saboda kada a ce na yi rashin ladabi. Ya matso kusa har ina jin warin tabar bakinsa, ya yi mini bayani. Ya ce shi ya kwance don harbin ya dawo, kuma ya dawo, amma wani lokaci ya yi wani lokaci ya ƙi, ga babur ɗin ya sake zama rago a kan tudu. Abin da yake so shi ne in haɗa masa biyun, ƙarfi yana nan, harbi kuma duk lokacin da ya saki totur.

"Kai ka san inda yake fitowa," ya ce. "Tun da ka iya kashe shi, ka iya raya shi. Kuma ba wannan kaɗai ba, duka baburan nan nake so ka yi mini."

Na ce, "Don me? An kusa harbe Kawu saboda ƙarar nan."

Ya yi murmushi ya miƙe. "Taho ka gani."

Ya hau babur ɗin ya fita ta ƙofar baya. Ni da Kawu muka bi shi a ƙafa zuwa bakin yashi, inda masu dawaki suke tsayawa jiran baƙi. Ranar ba kowa sai wani magidanci Bamisire, da alama daga ƙauye ya kawo iyalinsa su ga dala. Ya riga ya hau wata farar goɗiya ramammiya, matarsa da 'yarsa suna tsaye suna yi masa dariya, wani tsoho mai goɗiyar yana riƙe da linzami. Mu'allim ya yi kwana daga nesa, ya taho a guje, ya bi ta dab da ƙafafunta na baya, ya saki totur.

Tau!

Goɗiyar ta miƙe tsaye a kan ƙafa biyu. Ƙafafun ba su da ƙarfin da za su ɗauke ta, ta tafi gefe ta faɗi tim, ta danne wa mutumin ƙafa. Matar ta ɗauka bindiga ce, ta fasa ihu ta jawo 'yarta suka zube a ƙasa. Tsohon ya yi ta jan linzami yana kiran sunan Allah. Mu'allim kuwa ya kewayo a hankali, ya sauka, ya taimaka aka zaro mutumin, yana kakkaɓe masa yashi daga kafaɗa da hannunsa.

"Sannu, ya basha, Allah ya kiyaye. Dabbobin nan yunwa ta haukata su, ba a hawansu yanzu. Ga iyali tare da kai. Zo wurina, babur ba ya firgita."

Ina tsaye ina kallo mutumin nan ya bi shi yana ɗingishi, har yana yi masa godiya, matar tana biye tana share hawaye. Goɗiyar ta kasa tashi. Gyambon bayanta ya fashe, jini da ruwa suna bin yashi. Tsohon ya ɗaga bulala yana zabga mata a fuska don ta miƙe, yana kuka yana tsine wa Mu'allim da uwar da ta haife shi, bai kuma daina dukan ba. Ban san wanda zan kawar da ido daga kansa ba a cikinsu.

Kawu ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa. Ya ce kafin in gyara abin ya taɓa faruwa bisa tsautsayi, doki ya yar da wani Bature, Baturen da abokansa suka dawo wurinsu suka hau babur. A lokacin Mu'allim bai kawo komai a ransa ba, sai da babur ya yi shiru sannan ya tuna. Tun daga nan kusan kullum sai ya yi.

"Ya ce ni ma in riƙa yi. Wallahi na ƙi, Malam. Wallahil azim ban taɓa yi ba."

"To me ya sa ba ka gaya mini a waya ba?"

"Da ba ka zo ba. Ya ce in ban kawo ka ba, ni ma kada in dawo."

Raina ya ɓaci da shi a lokacin, har na kasa kallonsa. Da na juyo kuma na ga yadda ya tsaya da hannaye a baya kamar wanda ake yi wa shari'a, sai haushin ya rasa inda zai sauka.

Muka koma gareji. Mu'allim ya haɗa mutanen da wani ma'aikacinsa sun fita, ya dawo yana shafa ciki. "Ka gani da idonka? Yalla, fara da wannan."

Na ce, "Ba zan yi ba. Gyara na iya, kuma na gyara. Wata rana mutum za ka kashe."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa nan take. "Mutum? Yunwa ce ke kashe mutum. Kai me ka sani? Kana zaune a ƙasarmu ana ciyar da kai kana karatu, ka zo nan za ka yi mini wa'azi?" Ya nuna ƙofa da bakin tiyon shisharsa. "Khalas. Fita, ya samara. Masu yi suna da yawa."

Na juya na kama hanya. Ina kaiwa bakin ƙofa shayin da na sha a wurinsa ya taso mini, na dafa bango na amayar da shi duka. Ina jin sa a ciki yana dariya. Kawu ya biyo ni da ruwa a gora, ya zuba mini na wanke baki, ya raka ni har titi. Da bas ta tsaya ya kama hannuna ya ce, "Ka yafe mini, Malam." Na ce ba komai, Kawu, na shiga. Shi ya juya ya koma ciki, don yana da bakunan da zai ciyar.

Daga nan ya daina zuwa cin tuwo. Abokan zamana suka yi ta tambaya, na ce aiki ne ya yi masa yawa. Na kira shi a waya, muka gaisa a tsaitsaye, ya ce zai zo, bai zo ba.

Sai bayan wasu watanni na gamu da shi a Ataba, na je sayen jakar tafiya. Na hango shi da ƙaton ƙunshin kaya a ka, yana bin wasu Hajiyoyi 'yan kasuwa da suka zo sari daga Kano. Shi ne tafintansu, shi ne ɗan dakonsu. Ya sauke kayan muka gaisa sosai. Ya rame, amma idonsa ya washe. Ya ce ya bar Giza ba da daɗewa ba bayan zuwana na ƙarshe, ranar da Mu'allim ya ce ko ya yi harbin ko ya ajiye makulli, shi kuwa ya ajiye. Ya ce an samu wani bakanike ya yi wa Mu'allim aikin, yanzu duk baburan suna harbi. Masu dawaki sun taɓa taruwa suka far masa da sanduna, manyan unguwa suka shiga tsakani aka sha shayin sulhu, washegari ya ci gaba da abinsa. Farar goɗiyar nan ma ta mutu, an ja ta an kai kwata.

Na tambaye shi yara, ya ce babbar ta fara koyon ɗinki. Muna cikin haka ɗaya daga cikin Hajiyoyin ta leƙo daga wani shagon abayoyi.

"Baba, zo ka ji mutumin nan, ni ban gane abin da yake cewa ba. Wannan ɗanka ne?"

Kawu ya ce, "Ɗana ne, ɗalibi ne a nan."

Ta ce, "To ku taho ku biyun, Larabcin ya fi yawa."

Na kama masa gefe ɗaya na ƙunshin, muka shiga shagon tare.